Sarƙar Babur: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaurinta da Sakinta

Na daɗe ina kwance ƙafar bayan babura ina ɗaurewa, kuma sarƙoƙin da na ga sun mutu saboda an cika musu ɗauri sun fi waɗanda suka mutu saboda an manta da su. Mutum zai turo babur ya ce a ja masa cen, abin da yake nufi shi ne a ɗame ta har ta daina motsi. In ka bar mata wasa, sai ya ga kamar ka ci kuɗinsa a banza. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu babur suka fi yi mini, daga 'yan acaɓa zuwa malaman makaranta da manoman da ke kai buhu kasuwar ƙauye. Maganar ta fi karkata ga ƙananan baburan da muke hawa, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue da Honda da roba-roba, amma ƙa'idar ba ta canzawa ko a kan manya.

Oga, wai me ke sa sarƙa saki? Ƙarfe ne fa, ko miƙewa yake yi kamar roba?

Ƙarfen ba ya miƙewa, cinyewa yake yi. Kowace gaɓa ta sarƙa tana da ɗan sandan ƙarfe da ke juyawa a cikin wani ɗan bututu. Duk lokacin da gaɓar ta hau sifoket, wato faifan nan mai haƙora, sai ta lanƙwasa, sandan ya gogi bututun. Guga kan guga, sandan yana ramewa, ramin yana faɗi. Abin da kowace gaɓa ta rasa bai kai kaurin gashi ba, amma gaɓoɓin sun haura 100. In ka tara, sai ka ga sarƙa ta ƙara tsawo, tana lilo a ƙasa. Ƙura in ta haɗu da mai takan zama kamar dutsen wasa wuƙa, shi ya sa sarƙar da ke aiki a hanyar burji take riga ta cikin gari tsufa.

Sabuwar sarƙa kuma tana da nata sakin na farko. A kwanakin farko gaɓoɓin suna zama da juna, don haka kada ka ce an sayar maka da jabu don ka ga ta nemi gyara bayan 'yan kwanaki.

To wasan nawa ya kamata a bar mata?

Yawancin ƙananan baburan kan titi suna son wasan da ke tsakanin milimita 20 zuwa 30, wato inci 1 ko kusa da haka. Akwai samfuran da kamfaninsu ya ce 10 zuwa 20, akwai masu 25 zuwa 35. Baburan daji masu doguwar shokozoba sukan nemi 35 zuwa 50, wasu ma fiye. Adadin babur ɗinka yana cikin littafin da ya zo da shi, kuma sau da yawa akwai takarda manne a jikin murfin sarƙa ko a kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. In ka samu wannan adadin, bi shi ka bar nawa.

Wasan da ake nufi shi ne duka tafiyar sarƙa, daga inda ta tsaya in ka danna ta ƙasa zuwa inda ta tsaya in ka tura ta sama. Rular 'yan makaranta ta isa, tef ɗin tela ma ya isa. In babu ko ɗaya, katin cirar kuɗi faɗinsa milimita 54 ne, rabinsa 27, ka ga ya faɗo tsakiyar abin da ake nema. Awon yatsa da muka saba da shi ba laifi ga hannun da ya ƙware, sai dai yatsan Malam daban, na yaronsa daban.

Ni dai na fi jin daɗin tuƙi in ta ɗame tamau. Mene ne laifin hakan?

Wannan ce tambayar da na fi so a tsaya a saurari amsarta, domin a nan ake asarar kuɗi.

Tayar baya ba a kafe take wuri ɗaya ba. Tana kan wani dogon ƙarfe mai rassa biyu da ke hawa da sauka duk lokacin da ka faɗa rami ko ka ɗauki mutum. Inda wannan ƙarfe yake juyawa yana bayan ƙaramin sifoket na gaba, ba a tsakiyarsa ba. Saboda haka, in taya ta yi sama, tazarar da ke tsakanin sifoket na gaba da na baya ƙaruwa take yi. Tazarar tana kai ƙarshen tsawonta ne lokacin da abubuwa uku suka yi layi ɗaya: sifoket na gaba, da mahaɗar ƙarfen, da aksil ɗin tayar baya, wato sandan ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Wasan da ka gani babur yana tsaye ba kowa a kai, ajiya ce da aka yi domin wannan lokacin. In ka cinye ajiyar tun a gareji, da ka hau ka goya mutum, sarƙa ta zama tsirkiyar baka. Da ka faɗa rami kuma, babu inda za ta samo tsawon da ake nema, dole wani abu ya biya.

Masu biyan su ne waɗannan. Sarƙar kanta, wadda za ta cinye cikin gaggawa, ta saki, ka sake ɗamewa, ta sake saki, kana cewa kayan yanzu ba su da ƙwari. Haƙoran sifoket. Boris ɗin tayar baya, wato zoben nan mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa taya juyawa sumul. Shokozoba, wadda sarƙar ta hana ta aikinta, har ka riƙa jin kowane rami a ƙugunka. Mafi tsada kuma shi ne boris ɗin da ke cikin inji, wanda ke riƙe da sandar da ƙaramin sifoket yake kai. In ya fara lalacewa, robar da ke tare baƙin mai a wurin ita ma sai ta fara yoyo. Canza wannan boris ɗin sai an sauke inji an raba shi biyu. Na sha buɗe injin da ba abin da ya same shi illa an shekara ana ɗame masa sarƙa, kuma mai shi yana rantsuwa shi mai kula da babur ne. Gaskiya ya faɗa, yana kula, ba a dai taɓa yi masa bayani ba.

Alamar sarƙar da ta cika ɗauri ita ce wani kuka siriri da ke ƙaruwa da gudu, da nauyin turawa in ka kashe inji. In dole ne sai ka kuskure, gara ka kuskure ta wajen saki kaɗan.

Ashe ke nan sakin ba shi da illa?

Yana da ita, kuma tasa ta fi zuwa ba sallama. Sarƙar da ta yi sako-sako tana dukan murfinta, tana fizgar babur in ka saki totur ko ka murɗa. In abin ya yi nisa takan tsallake haƙori, ko ta zame daga sifoket gaba ɗaya. In ta zame ta faɗi ƙasa, ka yi sa'a. In ta naɗe tsakanin sifoket da ƙarfe ta kulle tayar baya kana cikin gudu, faɗuwa ce. In ta dunƙule a gaba, takan fasa jikin inji. Wasan da ya kai milimita 50 a kan ƙaramin babur, kada a hau titi da shi.

Yaya zan auna da kyau?

Kashe inji, cire makulli, sa giya a firi. Kafe babur a kan babban sitan mai ƙafa biyu yadda tayar baya za ta juya. In babur ɗinka mai rufaffen murfi ne, akwai wata 'yar roba mai zagaye a jikin murfin ƙasa, ɓalle ta, ta wannan ramin ake aunawa. Wurin awo shi ne tsakiyar layin sarƙa na ƙasa, rabin tazara tsakanin sifoket biyu.

Ga abin da mutane da yawa suke tsallakewa: sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida. Wani sashe ya fi wani saki, sifoket ɗin ma ba lalle ne ya zama da'ira cikakkiya ba. Ka auna, ka juya taya kaɗan, ka sake aunawa, har sai sarƙar ta zagayo. A yawancin ƙananan babura sai taya ta juya kusan sau 3 kafin sarƙa ta yi zagaye ɗaya. Nemi wurin da ta fi tsauri, ka yi masa alama da alli, a nan za ka yi gyaranka. Wanda ya daidaita a wurin da ta fi saki, da wurin tsaurin ya zagayo, ta ɗame ke nan.

In bambancin ya yi yawa, nan tamau can lilo, ba gyara take nema ba, ta gama aiki.

Ina so in riƙa yi da kaina a gida. Ta ina zan fara?

Aiki ne na minti 15 in ka saba. Sifanun da ake buƙata galibi ba sa wuce 10, 12, 14, 17, 19 da 22 ko 24, ya danganta da babur. Samu filaya da tsumma.

Fara da sassauta notin sandar birkin baya in mai ganga ne, domin taya za ta ja baya. In akwai ƙarfen da ke riƙe da farantin birki, sassauta notinsa shi ma. Zare ɗan fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ke kulle babban notin aksil, in akwai shi, sannan ka sassauta notin. Sassautawa na ce, ba kwancewa ba. Ya isa taya ta iya matsawa in an ja ta, kada ta riƙa rawa. Babura da yawa, musamman irin roba-roba, suna da wani babban noti na biyu a ɓangaren sarƙa, wanda ke riƙe da mazaunin sifoket. In ba ka sassauta shi ba, za ka yi ta murɗa ajasta, wato abin da ke jan taya baya, ba abin da zai motsa, har ka cinye zarenta ko ka lanƙwasa ta.

Ajasta biyu ce, hagu da dama, a ƙarshen ƙarfen. Kowace tana da noti na ja, wasu da na kulle a bayansa. Sassauta na kulle. Murɗa na ja rubu'in zagaye a hagu, rubu'in zagaye a dama, ka auna. Kada ka raina rubu'in nan. Matsar da taya da milimita 1 kacal yana iya cinye wasan da ya kai milimita 20 a tsakiyar sarƙa. Wanda ya yi zagaye uku a tashi ɗaya ya riga ya wuce wuri.

In ka wuce, mayar da notin baya a ɓangarori biyu, sannan ka bugi taya ta baya da tafin hannu ko ƙafa har ta matsa gaba ta zauna jikin ajasta. Ita ajasta ja take yi, ba ta turawa.

In wasan ya yi daidai, ɗaure notin mazaunin sifoket, ɗaure na aksil da ƙarfi, ka sake aunawa. Sau da yawa ɗaure aksil yana ƙara wa sarƙa tsauri, don haka ni nakan bar ta da ɗan ƙarin saki kafin in ɗaure. Kulle ajasta. Mayar da fil, sabo in da hali. Ƙusa ko guntun waya da ake cusawa a madadinsa ba na son ganinsu, domin notin nan shi ke riƙe da ƙafar da ke ɗauke da kai. Daga nan sai birki.

Me ya haɗa birki da sarƙa?

A babur mai birkin ganga, sanda ce ta taso daga abin takawa zuwa taya. In taya ta ja baya, sandar ta ɗame, birki ya fara kamawa da kansa. Za ka ji babur ya yi nauyi, yana shan mai, gangar tana zafi. Bayan kowane gyaran sarƙa, daidaita notin sandar yadda abin takawa zai yi tafiyar milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, ka juya taya ka tabbatar tana gudu ba ta gogar komai. Duba fitilar birki ma, tana kamawa a kan lokaci ko kuwa ta zauna a kunne. Mai birkin faifai ba shi da wannan aikin, amma ya taka birkin sau biyu ko uku kafin ya tashi.

Na gyara, amma babur yana ja gefe guda, taya kuma tana cinyewa ta ɓangare ɗaya.

Tayar ta karkace. An ja ajasta ɗaya fiye da ɗaya. A jikin ƙarfen akwai zane-zane ƙanana, a jikin ajasta kuma akwai tsaga ɗaya. Tsagar hagu da ta dama su tsaya a kan zane iri ɗaya. Sai dai a tsohon babur, ko wanda ya taɓa faɗuwa, ko wanda aka sa wa ajastar kasuwa, zanen ba abin dogaro ba ne sosai. Ni nakan tsuguna a bayan babur in kalli saman sarƙa daga sifoket na baya zuwa na gaba, in ga ko ta miƙe kamar zare. Sannan in juya taya in duba ko haƙoran suna shiga tsakiyar sarƙa ko suna gogar gefe guda. Sifoket ɗin da gefensa ɗaya ke ƙyalli kamar an goge shi, shaida ce. Wata hanyar kuma ita ce auna tazara da tef daga tsakiyar mahaɗar ƙarfen zuwa tsakiyar aksil, hagu da dama, su zo ɗaya.

Ni buhu nake ɗauka, wani lokaci mutum biyu. Awona ɗaya ne da na kowa?

Adadin da ke cikin littafi an riga an lissafa shi da hawa da saukar taya, don haka bi shi yadda kamfani ya ce a auna, a kafe ko a ƙasa. Amma kai da ke lodin masara ko gawayi, tsaya a ƙarshen sama na adadin. In an ce 20 zuwa 30, ba ta 30. Bayan ka ɗaure komai, sauke babur daga sitan, ka sa mutum biyu su zauna a kai, ka tura sarƙa da yatsa. Dole ta motsa, ko da milimita 10 ne. In ta tsaya kamar sanda, koma ka sassauta. Wannan gwajin shi ne wanda nake yi a gaban mai gardama, kuma ban taɓa buƙatar ƙarin bayani bayansa ba.

Sau nawa zan riƙa dubawa?

Kamfanoni galibi suna cewa kowane kilomita 500 zuwa 1,000. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan hanya yana cinye wannan cikin mako guda, don haka ya mai da shi aikin mako. Mai zuwa ofis ya dawo, sau ɗaya ko biyu a wata. Da damina, in ka ratsa ruwa ko taɓo, duba a ranar. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Dubawa daban, gyarawa daban. In ka auna ka ga tana cikin iyaka, ƙyale ta.

Baƙin man da aka juye daga inji, ba zai yi mata ba? Shi kowa ke sawa.

Na san shi kowa ke sawa, kuma ba zan ce maka sarƙa busasshiya ta fi shi ba. Amma tsohon baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe da dattin inji, ga shi tsinkakke, da ka yi gudu ya watse a kan taya da wandonka. Abin da ya fi shi, kuma ba tsada, shi ne man giya mai lamba 80 ko 90. Yana da kauri, yana zama. Kwalba ɗaya za ta yi maka watanni. Akwai kuma man sarƙa na fesawa ga mai hali. Giris shi kaɗai ba ya shiga cikin gaɓoɓi inda gugar take, a waje yake tsayawa yana tara yashi.

Wanke ta tukuna da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge, ta bushe. Ɗiga mai ta cikin layin ƙasa kana juya taya da hannu, yadda gudu zai tura shi cikin gaɓoɓi. Lokacin da ya fi shi ne bayan ka dawo daga tafiya, tana da ɗumi. Goge abin da ya yi yawa. Fetur ba na wanki ba ne, ga haɗarin wuta, ga shi yana lalata ƙananan zobban robar da ke cikin sarƙoƙin manyan babura.

Ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman yaran da ke koyon aiki: kada a tayar da inji a sa giya don taya ta riƙa juyawa ana goge sarƙa. Tsumma ne zai fara shiga, yatsu su bi shi, kuma kafin ka janye hannu aikin ya gama. Akwai masu gyara da yawa da ke yawo da guntun yatsa saboda wannan gajeriyar hanya. Juya da hannu, inji a kashe.

Ajasta ta ƙure, sarƙa kuma tana lilo. Bakanike ya ce a yanke gaɓa. In yarda?

In kana tsakiyar daji ne kana neman isa gida, yarda. In a gari kake, tsugunne ba ta ƙare ba. Yanke gaɓa yana rage tsawon sarƙa, amma kowace gaɓar da ta saura tana nan da cinyewarta. Tazarar gaɓoɓin ta riga ta fi tazarar haƙoran, saboda haka sarƙar ba ta zama a gindin haƙori, sai ta riƙa hawa kansa tana cinsa. Sandunan cikinta kuma sun rame, ranar da ka ɗauki kaya a hawa, ranar za ta tsinke. Na fahimci halin da ake ciki, kuɗin cen da sifoket ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na cefane. Sai dai mutum ya san abin da ya saya da yankan nan kwanaki ne, ya fara tara kuɗin sabuwa tun daga ranar.

Yankan da ba shi da laifi shi ne na sabuwar sarƙa da ta zo da tsawo fiye da na babur ɗinka.

Yaya zan gane ta mutu, tun kafin ta ba ni kunya a hanya?

Je bayan babban sifoket, kama gaɓa ɗaya a daidai tsakiyar bayansa, ka ja ta baya. Mai lafiya da ƙyar za ta ɗaga. In ta ɗaga har ka ga rabin haƙori, ta gama. Duba gaɓoɓin da suka ƙage ba sa miƙewa, da jan gari kamar tsatsa da ke fitowa daga tsakaninsu, da ƙananan gangunan da suka fashe. Haƙoran sifoket kuma, sabo kansa a daƙile yake, ɓangarorinsa biyu iri ɗaya. In sun yi tsini ko sun lanƙwasa kamar ƙaho, sun tashi aiki.

Mai son lissafi ga shi. A sarƙa mai lamba 428, tazarar sanda zuwa sanda milimita 12.7 ce. Gaɓa 20, wato daga sanda ta 1 zuwa ta 21, milimita 254 ke nan tana sabuwa. Ja ta ta miƙe ka auna. In ta kai wajen 259, ta ƙaru da kashi 2 cikin 100, lokacin canji ya yi.

In za ka canza, canza su ukun tare, sarƙa da sifoket biyu. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa, haka ma sabon haƙori a ƙarƙashin tsohuwar sarƙa. Ƙaramin na gaba shi aka fi mantawa da shi don yana ɓoye a bayan murfi, alhali ya fi na baya wahala. In na gaba haƙori 14 ne na baya 42, duk juyi ɗaya na babba, ƙaramin ya yi 3.

Mene ne 420 da 428 da nake gani a jikin kwali?

Girman sarƙa ne. Su biyun tazarar gaɓarsu ɗaya, rabin inci, amma 428 ta fi faɗi da kaurin ganguna, don haka ba a haɗa sarƙar wannan da sifoket ɗin waccan. Mai harafin H a ƙarshe, kamar 428H, ɓangarorinta sun fi kauri, ta fi dacewa da mai ɗaukar kaya. Manyan babura sukan yi amfani da 520, mai tazarar milimita 15.875, ko sama da haka. Lambar tana buge a jikin tsohuwar sarƙarka, goge ka karanta, ka ƙirga gaɓoɓinta kafin ka tafi kasuwa. A wajen saye kuma, araha ba ta ado.

Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, akwai yadda ake sa shi?

Akwai. Bakinsa ɗaya a rufe yake, ɗaya a buɗe. Rufaffen shi ke kallon inda sarƙa ta nufa. In makullin yana layin sama, rufaffen baki ya kalli gaban babur. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa buɗaɗɗen bakin zai iya fizge shi. Makullin da ya buɗe ko ya lanƙwasa a wajen cirewa, sa sabo, ka ajiye wani a cikin akwatin kayan aiki.

Malam, ni ba na tuƙi, maigidana ke ɗauka ta. Ya cire murfin sarƙa wai yana ƙara. Hakan daidai ne?

Hajiya, ki ce masa ya mayar, kuma ki nuna masa wannan amsar. Ƙarar da yake ji ba laifin murfi ba ne, sarƙa ce ta saki take dukansa, ko murfin ya lotsa, duka biyun kuma ana gyara su. Murfin nan yana tare ƙura da ruwa, sarƙar da ke cikinsa tana daɗewa fiye da wadda ke tsirara. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ke da yaranki. Bakin hijabi, gefen zane, gyale, har babbar rigar namiji, in iska ta kaɗa su sarƙa ko wayoyin taya suka kama, ba sa saki. Mata da yawa sun faɗo daga babur ta wannan hanya, wasu da rauni mai tsanani a wuya. Ko da murfin yana nan, ki tattare hijabinki ki zauna a kansa ko ki riƙe shi a cinya kafin a tashi, ki kuma duba ƙafar yaron da kika ɗora, kada ta yi lilo kusa da taya.

Na daidaita, na sa mai, amma har yanzu ina jin ƙara da fizga.

To, ba a wasan sarƙa matsalar take ba. A cikin cibiyar tayar baya, bayan sifoket, akwai wasu robobi da ke shanye fizgar inji. Riƙe taya ka murɗa sifoket gaba da baya da hannu. In yana tafiya kafin taya ta motsa, robobin sun mutu, kuma ba su da tsada. Girgiza taya hagu da dama ka ji ko boris ya saki. Girgiza ƙarfen da ke riƙe da tayar, domin in bushin mahaɗarsa ya cinye, wasan sarƙa ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Duba notocin da ke riƙe da babban sifoket, da robar da sarƙa ke gogawa a kan ƙarfen, in babur ɗinka yana da ita. In kuwa ƙarar tana nan ko babur yana tsaye inji na aiki, ba wannan sarƙar ba ce. Wataƙila taimin cen ce, ƙaramar sarƙar da ke cikin inji, ita kuma aikinta daban.

In ta zame mini a hanya, ba gareji kusa, me zan yi?

Kama kuloci, ka tsaya a hankali da birkin gaba, ka ture babur daga kan titi. Kashe inji, sa firi. Duba tukuna ko ta tsinke ko makullinta ya fita, ka kuma duba ƙarƙashin inji ko mai yana zuba. In lafiya take, tabbatar tana zaune a kan ƙaramin sifoket, sannan ka ɗora 'yan gaɓoɓi a kan haƙoran babban ta ƙasa, ka juya taya a hankali ta yadda haƙoran za su ja ta su hau da ita, yatsunka a waje. In ta ƙi, sassauta aksil da ajasta ka tura taya gaba, kada ka sa sukundireba ka yi mata dole, gaɓa za ka lanƙwasa. Bayan ta hau, rage mata sakin da ya jefo ta, juya taya ka ga ko akwai gaɓar da ta murɗe, ka gwada birki. Daga nan tafi da ƙaramin gudu, ba fizgar totur, in akwai kaya mai nauyi a rage shi, har ka isa wurin mai gyara na farko ya buɗe murfin gaba ya duba ƙaramin sifoket da jikin inji.